Kada a sa libarba cikin lissafin gado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da nake cin karo da shi a gidajen rasuwa a nan Kaduna. Dattijo zai rasu, a zo tattara tarikarsa, a buɗe akwatin ƙarfe ko ƙasan durowa, sai a ga ƙaramar bindiga libarba naɗe cikin tsumma. Kafin manya su gama salati, wani saurayi a gidan ya zaro waya ya nemi kuɗinta a intanet, ya ga daloli, ya buga da canjin ranar, sai ka ji ana maganar miliyoyi. Daga nan sai a ce a sa ta cikin lissafin gado tare da gida da mota da gona.

Aikin ɗakin ajiye makamai na yi har na yi ritaya, shi ya sa idan irin wannan ta taso a unguwa ake aiko mini yaro. Amsata ɗaya ce kullum: kuɗin da kuka gani a waya na wata ƙasa ne, a ƙarƙashin wata doka. A Najeriya wannan bindiga ba ta da farashin halal da za a rubuta a takardar rabo. Amma tunda mutane ba sa sakin magana sai an warware musu ita daga tushe, bari in fara da yadda masu abin suke yi mata kuɗi a can Amurka.

Wadda ta fi ruɗar mutane ita ce mai rubutun Magnum a jikin bututu. Magnum sunan harsashi ne mai ƙarfi fiye da na libarbar da aka saba. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da .357 Magnum a 1935, sannan .44 Magnum ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1950. Kamfanin Colt ya fito da tasa mai suna Python a 1955, ya daina ƙera ta a 2005, ya dawo da sabuwa a 2020 a kan dala 1,499. Tsohuwar Python mai tsabta ita ce ake gani ana sayarwa dubban daloli a gwanjon Amurka, kuma hotonta ne yaranmu ke fara gani. Amma libarbar Ruger ko Taurus da ta sha hannu, ko Smith & Wesson ta yau da kullum, kuɗinta a can ɗaruruwan daloli ne. Rubutun Magnum shi kaɗai ba ya sa bindiga tsada.

Mai yi wa bindiga kuɗi a Amurka yana farawa da tantance ainihin samfurinta. A Smith & Wesson sai an buɗe gangar harsashi, wato ƙarfen nan mai ramuka da ke juyawa, zuwa gefe ake ganin lambar samfuri a jikin firam, wato uwar jikin bindigar, lambar bindigar kuma tana gindin mariƙi, da ita ake sanin shekarar ƙira. Masu tara kayan tarihi sun fi son waɗanda aka ƙera kafin 1982, lokacin da kamfanin ke kafe bututu da ɗan ƙusa, yana kuma zurfafa bakin ramukan ganga yadda gindin harsashi zai nutse. Sai tsawon bututu, don wani tsawon ba a ƙera shi da yawa ba. Bayan wannan sai launi, kuma a nan kuɗi ke hawa ko faɗuwa. Suna auna kashi nawa cikin ɗari na baƙin launinta na asali ya rage. Bindigar da launinta ya kai kashi 98 da wadda ya sauka zuwa 80 ba a haɗa su a ciniki, ko da rana ɗaya aka ƙera su. Wanda ya goge tsatsa da sanfefa ya sake mata launi yana ganin ya yi gyara, alhali a wurin masu tarawa ya kashe mata daraja. Mariƙin katako na asali, kwalinta da takardun kamfani, duk suna ƙara kuɗi.

Sai aikin cikinta, wanda shi ne sana'ata. Ana jan hamar, wato ƙarfen baya da ke dukan gindin harsashi, a hankali a ji ko ganga ta kulle daram kafin hamar ta kai ƙarshe, rami bayan rami. In tana makara, harsashi ba zai fuskanci bututu daidai ba, zai riƙa aske gefe yana watsa gubar dalma. Ana tura gangar gaba da baya a ji ko tana wasa. Ana haska fitila a mashigar bututu, don zafin harsashin magnum yana cin wurin, wani lokaci har ya tsaga shi, kuma yana zana layi a ƙarfen da ke saman ganga. Duk wannan in ta tsallake, kuɗin da mai shago zai ba ka a hannu ƙasa yake da wanda ya liƙa a gilashi, don shi ma riba yake nema. Sannan abin da ake gani a shafukan talla kuɗin da mai kaya ya sa ne, kowa kuwa ya san sa kuɗi daban, sallamawa daban.

Kwanakin baya an kira ni wani gida a Tudun Wada. Na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, bindigar na tsakiya a kan tsohon yadin shadda da mai ya rine. Abu na farko da na ce shi ne kowa ya janye hannu, don na ga wani jika yana juya ta bakinta na kallon cikin gida inda mata ke zaune. Da na buɗe ganga, harsashi huɗu ne a ciki, kwansonsu ya yi kore, ɗaya ma sai da ƙyar ya fito. Gefen da ya kwanta a kan yadin duk tsatsa ta huda shi ɗigo-ɗigo, don tsumma yana riƙe damshin damina. An canza mariƙin da na roba. Ƙanen mamacin ya ce:

"Malam, yaran nan sun ce ta kai miliyan biyar. Mun ce babban yaya ya riƙe ta a cikin kasonsa, a bar wa mata filin Rigasa."

Na ce masa: "Alhaji, ko a Amurka aka ajiye wannan, da wannan tsatsar, mai tara kayan tarihi ba zai taya ba. A nan kuwa abin da za ku ba yaron nan a madadin fili shi ne ɗaurin shekara goma."

Zauren ya yi tsit. Ba su san haka dokar take ba, kuma mutanen kirki ne, ba su da niyyar cutar kowa.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai bindigar toka irin ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Akwai bindigogin farauta irin mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Sai rukunin haramtattun makamai, inda aka jera bama-bamai, da mashinga, da bindigogin soja, kuma a cikin wannan jerin aka sa libarba da fistol. Wannan rukuni babu mai ba da izinin riƙe shi sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da shi ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani kan riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ko mamaci yana da lasisi na gaskiya, lasisin nasa ne shi kaɗai, ba a gadonsa. Abin da doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 ne kacal na riƙe bindigar bayan rasuwar, ga shi mu kuma yawanci ba ma taɓa akwatin mamaci sai bayan addu'ar arba'in. Sayarwa kuma ba ta halatta sai ga dila mai rajista ko wanda ya nuna lasisin riƙe irin wannan bindigar. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai.

Wasu kan ce to a aika da ita Amurka mana, tunda can take da kasuwa. Fitar da makami daga Najeriya sai da izinin hukuma, shigar da shi Amurka kuma sai ta hannun mai lasisin shigo da makamai tare da amincewar hukumarsu. Iyalin da ba su da takardar riƙe ta a gida, da wace takarda za su tunkari kwastan? Ban da haka, ba kowace bindiga mai sunan kamfanin waje ce ta kamfanin ba. Na sha riƙe ƙirar gida da aka buga wa sunan Turawa da kurfi, wadda in an sa mata harsashi mai ƙarfi hannun mai harbin za ta fara ci.

To wa ya rage ya saya? Wanda ba zai tambayi takarda ba. Shi bai damu da launi ko kwali ba, abin da yake so ta tashi in an ja kunama, kuma ta ɓuya a ƙarƙashin riga. Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labarin abin da makami a hannun ɓata-gari ke yi ba. Mun ga ɗaliban Afaka da aka kwashe a Maris 2021, mun ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, mun ga yaran Kuriga a Maris 2024. Gaskiya ne waɗancan da manyan bindigogi aka yi su. Ƙaramar kuwa aikinta a cikin gari yake: ita ake nuna wa mai POS da magariba, ita ake ɗora wa ɗan acaɓa a ƙeya a karɓe masa mashin, ita ake shiga da ita gida a tsakar dare. Kuma ranar da aka kama mai ita, za a bi sawu daga hannu zuwa hannu har a iso ƙofar gidan da ta fito, a kira sunan mamacin da ya rayu da mutuncinsa a gaban kotu.

Ta fuskar addini ma malaman fiƙihu sun daɗe da hana sayar da makami a lokacin fitina, ko ga wanda ake kyautata zaton zai yi ɓarna da shi, saboda hanin da ya zo a Suratul Ma'ida na taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Ina roƙon malamanmu masu rabon gado da alƙalan kotunan shari'a su sa wannan a cikin tambayoyin da suke yi wa magada tun farko, kamar yadda suke tambayar bashi da wasiyya. In an ce akwai bindiga, a fitar da ita daga lissafi gaba ɗaya. In aka yi mata kuɗi aka ɗora wa magaji guda, an tauye shi sau biyu, an rage masa haƙƙinsa na halal, an kuma bar masa laifi a ɗaka. In kuma aka sayar a ɓoye aka raba kuɗin, an sa wa marayu abin da bai kamata ya shiga cikinsu ba.

Shawarata ga iyalin da suka tsinci irin wannan: kada a gwada ta, kada a goge ta, kada a ɗauki hotonta a tura a WhatsApp ana neman mai saye, don wannan hoton kansa shaida ne. A ɗauka tana da harsashi a ciki ko da an ce shekara talatin ba a taɓa ta ba, a kulle ɗakin, a hana yara shiga. Kada kuma wani ya jefa ta a mota ya nufi ofishin 'yan sanda shi kaɗai, don in an tare shi a shingen bincike a hanya, bayaninsa ba zai yi saurin shiga kunne ba. A fara sanar da mai unguwa ko hakimi, a samu lauya in da hali, a rubuta wa DPO takarda, su zo su ɗauka. A tabbatar an karɓi takardar shaida mai ɗauke da sunan kamfani, da lambar bindigar, da adadin harsashi, da sunan jami'in da ya karɓa. In akwai tsohon lasisin mamaci a haɗa da kwafinsa.

Abin da ke hana mutane yin haka tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Talaka na ganin in ya kai da kansa shi za a fara tsarewa, shi ya sa wasu ke jefa ta a rijiya ko masai, wasu su binne a bayan gida, wasu kuma su miƙa wa dillalin da ya zo da daɗin baki. A nan nake kira ga rundunar 'yan sandan Jihar Kaduna da Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, su fito da hanya bayyananniya ta karɓar bindigogin gado. A faɗi ofishin da za a je, da lambar da za a kira, da tabbacin cewa wanda ya kai rahoto da kansa ba za a mai da shi mai laifi ba. A faɗe shi da Hausa a Rediyon Tarayya Kaduna da sauran gidajen rediyon jihar, a kuma aika wa hakimai da limaman Juma'a a rubuce. Ita ma jaridarku za ta taimaka ƙwarai in ta tura wakilinta ya tambayi kakakin rundunar wannan tsari, ta buga amsar yadda kowa zai iya yankewa ya ajiye.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin ajiye makamai,
Kawo, Kaduna.