Ambaliya: Muna da masu auna ruwa, ina masu nazarin mutane?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin ilimi mai zurfi da ɗalibanmu a kan wani fanni da ba a cika daraja shi ba a Nijar, wato nazarin zamantakewar al'umma da muhallinta, musamman yadda jama'a ke fuskantar bala'i da yadda suke miƙewa bayansa.

Birnin Yamai ba ya ƙarancin masanan ruwa da yanayi. A nan cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da ruwa da yanayi take tun 1974, a nan cibiyar yanayi ta Afirka ACMAD take, a nan kuma hukumar kula da kogin Isa ta ƙasashen yankin take da mazauninta. Waɗannan masana sun san cewa ruwan da ke cinye mu da damina jan ruwa ne da rassan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa daga ɓangaren Burkina Faso, ba wanda ke isowa daga Gine a lokacin sanyi ba. A watan Satumban 2020 sun auna kogin ya kai kusan mita 7, shingen da ke kare unguwar Lamorde ya ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, gefen da ita kanta Jami'ar Abdou Moumouni take. Gargaɗi ya fita a kan lokaci, amma mutane da yawa ba su tashi ba sai da ruwa ya kai musu gwiwa.

To, me ya hana su tashi? Wannan tambaya ba ma'aunin ruwa ne zai amsa ta ba. Bayan ambaliyar 2012 an ba wasu iyalai filaye a Seno, nesa da kogi, kuma da dama sun dawo inda suka baro. Mai kallo daga nesa sai ya ce taurin kai ne. Amma wanda ya zauna da su a kan tabarma zai ji cewa magidancin yana da fadamar shinkafa a bakin kogi, uwargida tana sayar da ganye a kasuwar da ta saba, kuma kuɗin zuwa da dawowa kullum sun fi abin da ake samu. Zai ga yadda ginin laka ke jiƙewa daga tushe kafin ya rufta da dare, ya ga wanda ke fara kawo kwale-kwale, ya san gidan da ake tura yara, da matar da ake ba kwasar adashe ba a kan layinta ba domin ta sayi buhun gero. Wannan shi ne aikin masanin da nake magana a kai, kuma ba ya yiwuwa sai ga wanda ke jin Hausa da Zabarmanci, yake da haƙurin komawa unguwa ɗaya shekara bayan shekara.

Muna da shaida a cikin gida cewa gyaran muhalli ba ya yiwuwa sai an fahimci mutane. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, a jihar Tawa, wanda aka soma a 1984 bayan fari, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona a raine shi, wanda ya dawo da itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram bai bunƙasa ba sai da manomi ya tabbata cewa gawon da ya raina a gonarsa nasa ne.

Hanyar zama malamin jami'a a wannan fanni doguwa ce: shekara 3 na lisansi, 2 na mastar, sannan aƙalla 3 na digirin dokta, bayan haka kuma ƙarin girma yana hannun hukumar CAMES da ke Wagadugu, wadda ke duba abin da mutum ya wallafa. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta nuna cewa ana iya yin bincike mai nagarta a nan gida. Matsalar ita ce yawancin yaranmu masu hazaƙa ba sa kai wa ƙarshe. Da sun gama mastar sai wani furoje ya ɗauke su aikin cike takardun tambayoyi na ƴan watanni, a biya su abin da ƙaramin malami ba ya gani, rahoton a rubuta shi da Faransanci a ajiye a buro. Ban ga laifinsu ba, domin ciki ba ya jiran digiri, sai dai ilimin da suka tara yana watsewa ranar da kuɗin furojen suka ƙare.

Daminar 2024 ta hallaka mutane fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta rushe tsohon masallacin Damagaram, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda waɗanda suka rasa muhalli suna zaune a cikin azuzuwa. Don haka nake kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta buɗe guraben malamai na dindindin a wannan fanni a jami'o'in Yamai da Tawa, ta ware tallafin karatun dokta ga masu binciken ambaliya da fari, sannan a wajabta wa kowane mai bincike ya koma gaban mai unguwa da jama'ar da ya yi wa tambayoyi ya karanta musu sakamakon da harshensu kafin damina ta kama.

Na gode.

Wani malamin makaranta,
Harobanda, Yamai