Kuɗin Lasisin da Aka Tsira da Shi a Zuba a Horar da Masu Kula da Kwamfutoci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu kan wani al'amari da ba a cika tuna shi ba sai ranar da intanet ta ɗauke, wato manhajojin da ake sa ido da su a kan kwamfutoci da layukan sadarwar da ke haɗa su.

Na daɗe ina aikin kula da kwamfutoci a wata babbar makaranta. Manhajar da ke sanar da mu idan na'ura ta tsaya ko layi ya cushe ta kuɗi ce, kuma da dala ake sabunta lasisinta duk shekara. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024, sai takardar neman kuɗinmu ta kwanta a ofis, lasisi ya ƙare, muka koma ba mu sanin abin da ya lalace sai masu ƙorafi sun bugo waya. Larurar nan ce ta kai mu ga buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda ake barin asalin rubutunsu a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani da su ba tare da biyan lasisi ba.

Wadda muka ɗauka ita ce Zabbix, wadda Alexei Vladishev ya fitar a 2001, kamfaninta kuma yana birnin Riga na ƙasar Latbiya. Aikinta shi ne ta riƙa zagaya na'urori tana tambayar lafiyarsu, ta duba zafinsu da sauran wurin ajiyarsu da yawan bayanan da ke bi ta kowane layi, ta aiko da saƙo da zarar abu ya wuce iyakar da aka sa mata. Akwai Nagios, wadda ta fara da sunan NetSaint a 1999, da Wireshark mai nuna abin da ke gudana a cikin waya dalla-dalla, da pfSense da ke mai da tsohuwar kwamfuta katangar tsaro mai tare masu kutse. Wadda ta fi rage mini wahala ita ce Ansible, domin da ita mutum yakan rubuta umarni sau ɗaya ya aiwatar da shi a kan kwamfuta ɗari, maimakon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gumi.

Nakan ji manya suna cewa araha ba ta ado, abin da kowa ke ganin cikinsa ba zai yi tsaro ba. To, a watan Disambar 2020 aka gano cewa masu kutse sun cusa mugun shiri a cikin Orion, manhajar kula da layukan sadarwa ta kamfanin SolarWinds, wadda ake saye da kuɗi mai tsoka kuma rubutunta a rufe yake, har abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke gurɓataccen sabuntawar, ciki har da ma'aikatar baitulmalin Amurka. A watan Maris na 2024 kuwa, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa yana ƙara ɗaukar kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ƙofar ɓoye da aka dasa a cikin xz, wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja da ke cikin mafi yawan nau'o'in Linux, buɗaɗɗiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun kafin ta bazu. Bai nemi izinin kowa ba kafin ya duba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, mai ɓarnar ya sami shiga ne saboda nauyin xz yana wuyan ɗan sa-kai guda wanda aiki ya yi wa yawa, kamar yadda wani kuskuren tsaro da aka sa wa suna Heartbleed ya kwanta a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ke sirranta bayanai a intanet, kimanin shekara biyu kafin a gan shi a 2014.

Wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lasisi ne kaɗai kyauta, aikin yana nan daram. Mun yi makonni muna daidaita Zabbix, domin da farko duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin a ta da janareto, sai ta cika wayoyinmu da saƙonnin cewa komai ya mutu, har muka fara yin biris da su, wanda ya fi rashin manhajar haɗari. Na kuma ga wata ma'aikata inda aka bar wa ɗan bautar ƙasa guda haɗa komai, yaron kuwa ya iya aikinsa, amma da shekararsa ta cika sai ya tafi da lambobin sirri da duk ilimin tsarin a kansa, aka wayi gari babu mai iya taɓa na'urar.

Don haka nake roƙon shugabanni, idan sun daina biyan lasisi, kada kuɗin ya ɓace daga kasafi. A ware ko da rabinsa a horar da aƙalla ma'aikata biyu na dindindin a kowane sashen kwamfuta, a wajabta musu rubuta yadda aka haɗa kowace na'ura a ajiye a ofis, a kuma sa musu ranar sabunta manhajojin a kowane wata. Kwalejojin fasaha su ma ya kamata su bar ɗalibai su haɗa waɗannan manhajoji da hannunsu kafin su kammala karatu, tunda tsofaffin kwamfutoci uku da 'yan wayoyi sun isa a fara.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani ma'aikacin sashen kwamfuta,
daga Zariya.