A ba yaran firamare kumallo kafin darasi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana kan yaran da ke zuwa makaranta ba su karya ba. Aji biyu nake koyarwa. Ƙarfe goma ba ta cika sai ka ga yaro ya kifa kai a kan benci, ka tambaye shi ya ce kansa ke ciwo, alhali rabonsa da abinci tun tuwon daren jiya. Akwai wata yarinya a ajina da ke ƙulle ɗan garin kwaki a bakin hijabinta, tana lasa a ɓoye idan na juya ga allo. Wallahi abin yana ci mini rai.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗalibai a 2016, daga aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kowane yaro. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma mun ga yadda azuzuwa suka cika, mata masu dafawa kuma suka samu sana'a. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin.

Roƙona ga gwamnonin jihohinmu shi ne su riƙi abin da kansu, kuma a mayar da shi na safe. Kofin koko da ƙosai uku kafin darasin farko ya fi shinkafar da za ta iso ana shirin tashi. A sayi gero da wake wajen manomanmu, a biya masu dafawa a kan lokaci, a sa iyaye cikin masu duba rabon.

Wata malamar firamare,
Zariya