Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Najeriya, Alhaji Ibrahim Musa Gusau

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne saboda wani abu da ya tsaya mini a rai. Kwanakin baya a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na tambayi samari ko sun san Teslim Balogun. Guda ɗaya ne ya amsa, ya ce ai filin wasa ne a Legas. Bai yi ƙarya ba, filin yana nan a Surulere tun 2007. Amma mutumin da aka sa wa filin sunansa fa?

Ni a bakin kawuna na fara jin sunansa, tsohon ma'aikacin reluwe ne a Zariya. In ya zo kan Balogun sai ya ajiye kofin shayi, ya miƙe ƙafar hagu yana nuna mana yadda ake dukan ƙwallo. "Thunder" suke ce masa, wato aradu, don ƙarfin bugunsa. Har cewa ake yi ya taɓa fasa cikin gola da ƙwallo. Wannan kam almara ce, kuma abin da ke damuna ke nan: almarar ta rayu, ainihin tarihin yana shuɗewa.

Alhali tarihin ya fi almarar daɗi. A 1949 yana cikin 'yan wasa 18 da suka hau jirgin ruwa zuwa Ingila, tawagar ƙasa ta farko da muka taɓa fitarwa, Etim Henshaw na kyaftin. Akasarinsu ba takalmi, sai bandeji da suka naɗe ƙafa da shi, a sanyin ƙasar Turawa. Duk da haka suka lallasa Marine Crosby da ci 5 da 2 a wasan farko. A hanyar dawowa suka yada zango a Firitawun, suka ci Saliyo 2 da nema. Daga nan ne lissafin wasanninmu na ƙasa da ƙasa ya fara, shekara 11 kafin samun 'yancin kai.

A gida kuwa, Kofin Gwamna da aka fara a 1945, wanda hukumarka ke shiryawa har yau da wani suna, ya zame masa gonar gado. Sau bakwai ya buga wasan ƙarshe, ya ɗaga kofin sau biyar. A 1952, ranar da ƙungiyarsa ta Pan Bank ta doke Warri a wasan ƙarshe, shi kaɗai ya zura uku a raga. Mu ma 'yan Arewa muna da rabo a cikinsa, domin ya taka leda a ƙungiyar Jos. Daga baya ya koma Ingila, ya buga wa Queens Park Rangers a 1956, ya koyi aikin horarwa, har ya kasance cikin masu horar da tawagarmu a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko. Ya rasu a 1972, Allah Ya jiƙansa.

Ranka ya daɗe, roƙona biyu ne, kuma ba su fi ƙarfin ofishinka ba. A sa wa kyautar wanda ya fi zura ƙwallaye a wannan kofi sunan Teslim Balogun, yadda duk shekara dole mai sharhi a rediyo ya faɗi ko shi wane ne.

Na biyun ya fi gaggawa. Waɗanda suka ga wasansa da idonsu sun haura tamanin, kullum raguwa suke yi. A tura matasa da na'urar naɗar murya Legas da Ibadan da Jos su zauna da dattawan nan, a bi tsofaffin jaridu a tattara sakamakon wasanninsa da hotunansa, a fitar da su har da Hausa da Yarbanci da Ibo. Kawuna ya rasu ban naɗi ko kalma ɗaya daga bakinsa ba, kuma har yau ina cizon yatsa.

Allah Ya taimake ka, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Mai ƙaunar ƙwallon gida, daga Zariya.