Shekara bakwai a Libiya, yanzu wayar gida ma tsoronta nake ji

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Mu shida ne a ɗaki ɗaya muke sauraron shirinki a waya, in an samu intanet. Don Allah ki sakaya sunana, domin Innata ma ba ta bari shirin nan ya wuce ta.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Matamai, a jihar Damagaram, shekarata 31. Na fito ci-rani a ƙarshen 2018, da muka duba rumbu muka ga geron ba zai kai mu azumi ba. Lokacin dokar nan ta 2015 da ta hana jigilar baƙin haure tana ci sosai a Agadas, sai direbanmu ya kauce wa hanyar Dirku ya yanki sahara ta inda babu rijiya. An cusa mu a bayan Hilux, kowa ya rungume sanda tsakanin ƙafafunsa don kar ya faɗo. Saura kwana ɗaya mu isa Gatrun a kudancin Libiya, wani yaro ya cika a jikina, ba zai wuce shekara 17 ba. Da hannu muka tona masa rami. Har yau ban ba kowa labarin nan a gida ba.

Na yi shekara biyu da rabi ina aikin garka a Sabha, sannan na wuce Tarabulus. Da farko tsayuwar bakin titi ce, mota ta tsaya mu ruga kamar kaji sun ga tsaba. Wata rana a biya ka, wata rana ka gama aiki mai gida ya ce ina takardarka, ka san magana ta ƙare. Daga baya wani Bamisre mai sa tayil ya ɗauke ni ina kwaɓa masa siminti, ina satar kallon hannunsa har na iya. Yanzu ni kaɗai nake shimfiɗa falo guda, ka zuba ruwa bai kwanta ko'ina ba. A duk shekarun nan, wannan kaɗai nake dubawa in ce nawa ne.

Sauran kuwa gida ya tafi. Na aurar da ƙanne biyu, na yi wa Inna rufin kwano, na saya wa yayana babur, kuma duk bazara ni ne buhun hatsi. Ban yi da-na-sani ba, Allah ya sani. Amma ko akuya ban ɗaure ba. Matata na bar ta da ciki wata huɗu, yaron bana ya shiga makaranta. "Baban Libiya" yake ce mini, su kuma suna dariya.

Abin ya tsananta ne tun faɗan da aka yi a Tarabulus cikin watan Mayun 2025, ta wajen unguwar Abu Salim. Kwana uku muna kulle muna jin harbi. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. In na runtse ido sai fuskar yaron nan da muka binne a sahara ta zo, ƙirjina ya dinga dukan uku-uku har asuba. Abinci kamar ƙasa a bakina. Rannan na kifa wa abokin zamana mari a kan kofin shayi, mutumin da ya yi jinyata a Sabha. Abin da ya fi ci mini rai, in waya ta yi ƙara na ga lambar gida, cikina ne ke ɗurar ruwa, don na san buƙata ce. Sai in ƙyale ta, gobe in ce babu sabis. Uwata fa, Hajiya.

Wani ya ce shafar iska ce, an yi mini ruƙiyya, kuma ban bar addu'a ba. Wani ya miƙo mini tramol, na sha sati uku na watsar, don na ga yadda ya mai da wani ɗan garinmu. Wani dattijo a masallaci ya ce ƙarancin tawakkali ne, maganar nan ta tsaya mini a rai. Asibiti kuwa, marar takarda sai ya yi tunani biyu kafin ya doshi ƙofa.

Hanyar komawa a buɗe take, an soke dokar nan ta 2015 tun Nuwamban 2023, hukumar OIM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan ci-rani ma tana kwasar mutane a jirgi zuwa Yamai. Kunya ce ta riƙe ni, a ce wane ya yi shekara bakwai ya dawo hannu rabbana. Na yi lissafi, in na rage abin da nake aikawa da rabi na wata takwas, zan sayi injin yanka tayil in samu ɗan jari, in koma in nemi aiki a Damagaram ko Maraɗi, in ɗauki yara biyu in koya musu.

To Hajiya, wannan da ke damuna ciwo ne mai suna da magani, ko dattijon nan ne da gaskiya? Labarin yaron kuma, in faɗa wa matata ko in bar ta da nata nauyin? Sannan ki koya mini kalaman da zan faɗa wa Inna cewa zan rage aike ba tare da ranta ya ɓaci da ni ba. Jiya ta kira sau huɗu, har yanzu ban mayar ba.

Wassalam,
Ɗanki mai sa tayil, daga Tarabulus