Wasiƙa kan Hanoi Rocks, makaɗan Helsinki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin can bai takura maka ba. Saƙonka ya iso, inda kake tambaya kan ƙungiyar nan ta Finlan da ka ce abokan aikinka ba su da hira sai tata, Hanoi Rocks, da dalilin da ake girmama mutanen da ba su taɓa yin wani cinikin faifai na a zo a gani ba. To ga abin da ke akwai.

A Helsinki aka kafa ta a 1979. Mutum biyar ne a tsarin da aka fi sani: mawaƙi, masu jita biyu, mai jitar bes, da mai ganga. Kada sunayensu su ruɗe ka, duk na dandamali ne. Michael Monroe, mawaƙin da ke busa saksofon, sunansa na yanka Matti Fagerholm. Andy McCoy, wanda ya rubuta yawancin waƙoƙin, shi ne Antti Hulkko. Sai Nasty Suicide a jita ta biyu, Sami Yaffa a bes, da Gyp Casino a ganga da farko. McCoy da Yaffa sun baro ƙungiyar Pelle Miljoona Oy ne a lokacin tana tashe a gida, suka zaɓi yin waƙa da Turanci. Lissafin a fili yake: mutanen Finlan a lokacin ba su kai miliyan 5 ba, mai waƙa da harshensu kuwa kasuwarsa ta tsaya a bakin iyaka. Shi ya sa suka koma Stockholm a 1980, inda wasunsu har a titi suka riƙa kwana, sannan Landan a 1982.

Faifan farko, Bangkok Shocks, Saigon Shakes, Hanoi Rocks, ya fito a 1981, Monroe da McCoy ne da kansu suka kula da naɗarsa. Na biyu, Oriental Beat na 1982, waƙoƙinsa masu kyau ne amma haɗin sautin ya ɓata su, jitar ta fito ba ƙarfi, kuma su kansu ba su taɓa gamsuwa da shi ba. Idan za ka nema, nemi wanda aka sake haɗawa daga kaset ɗin asali aka fitar a 2023. Akwai kuma wani tarko a Self Destruction Blues: hoton Razzle ne a bango, amma gangar da za ka ji ta Gyp Casino ce, domin tattara waƙoƙin da aka riga aka naɗa aka yi. Shi Razzle, Nicholas Dingley, Baturen Ingila ne daga tsibirin Wight, ya karɓi ganga a 1982, kuma a Back to Mystery City na 1983 za ka fara jin hannunsa sosai. A ganina da wannan ya kamata ka fara, sai ka bi da All Those Wasted Years, wanda aka naɗa kai tsaye a gidan rawa na Marquee a Landan cikin Disamban 1983. A nan za ka gane me ya sa waɗanda suka gan su ido da ido ba su daina zancen ba.

Shigarsu ma rabin labarin ce. Gashi a tayar da shi sama, kwalli rangaɗau a ido, jan-baki, gyale a wuya, huluna da zobba. Kiɗan kuwa gaurayen zafin fank (punk) ne da rok na tsohon yayi irin na New York Dolls da Rolling Stones.

Kamfanin faifai na CBS ya ɗauke su, aka haɗa su da furodusa Bob Ezrin, wanda ya yi aiki da Alice Cooper da Pink Floyd. Sakamakon shi ne Two Steps from the Move na 1984, da ya kai na 28 a jerin cinikin Birtaniya. A watan Nuwamba suka fara zagayen Amurka na farko. A garin Syracuse Monroe ya karya idon sawu a kan dandamali, aka soke wasanni, suka wuce Los Angeles su jira ya warke. Ranar 8 ga Disamba 1984, ana cikin shaye-shaye a gidan Vince Neil, mawaƙin ƙungiyar Mötley Crüe, a Redondo Beach, sai Neil ya ɗauki Razzle a motarsa ƙirar De Tomaso Pantera su ƙaro giya. A hanyar dawowa, yana buge, ya kauce ya yi karo da wata mota. Razzle ya rasu yana da shekara 24, mutum biyu na ɗaya motar suka ji munanan raunuka. Kotu ta yanke wa Neil kwana 30 a gidan yari da diyyar dala miliyan 2.6.

Mutane kan tsaya a nan su ce hatsarin ne ya kashe ƙungiyar. Hatsarin ya yi nasa, amma ƙwaya da giya sun riga sun ci ƙarfinsu, kuma Razzle ne mai barkwancin da ke sasanta su idan rai ya ɓaci. Sun yi wasa biyu a Helsinki a Janairun 1985 da Terry Chimes na ƙungiyar The Clash a ganga, Yaffa ya fice, aka kawo wani, aka je Polan, Monroe ya ce ya gaji. Kafin ƙarshen 1985 an watse.

Shuka tasu ce, girbi na wasu. Samarin Los Angeles suka ɗauki shigar da salon suka sayar da faifai miliyoyi. 'Yan ƙungiyar Guns N' Roses dai ba su ɓoye bashin ba: a 1989 suka sake fitar da tsofaffin faifan Hanoi Rocks a Amurka ƙarƙashin tambarinsu na Uzi Suicide, kuma Monroe ne ya busa hamonika da saksofon a waƙarsu Bad Obsession ta 1991.

Monroe da McCoy sun farfaɗo da sunan a farkon shekarun 2000 da sababbin makaɗa, suka yi faifai uku, suka yi bankwana a Afrilun 2009 da wasa takwas a gidan rawa na Tavastia a Helsinki. Waɗannan ka bar su sai daga baya. Yaffa ya je ya kaɗa wa New York Dolls ɗin da suka taso suna kwaikwayo. Nasty Suicide kuwa, abin mamaki, makaranta ya koma ya karanci haɗa magunguna. Ranar 23 ga Satumba 2022 su biyar na faifan farko suka sake hawa dandamali ɗaya a Helsinki, a bikin cikar Monroe shekara 60.

Idan ka saurari faifan Marquee ɗin, ka rubuto mini yadda ka ji shi. A gaida uwargida da yara, a kuma miƙa gaisuwata ga su Baba idan kun yi waya.

Naka har kullum,
Amininka