Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa kan niƙan dutsen zinare a cikin gari

Assalamu alaikum. Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Mun san lasisin haƙar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya yake, kamar yadda dokar ma'adinai ta 2007 ta tanada. Amma wurin da ake niƙa dutsen, da lafiyar yaran da ke wasa a gefensa, wannan kai ne da shi, kai da masarautun Katsina da Daura.

Idan aka fito da dutse daga rami, ana farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a bushe, ba ko ɗigon ruwa. In zinaren ya zo haɗe da dalma, ƙurar nan guba ce. Tana sauka a tsakar gida, a kan shanyar gero, a rigar da mai haƙa zai koma gida da ita. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Sai amai da jijjiga sun fara a lura, kuma sau da yawa a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Haka ta faru a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, yara kimanin 400 suka rasu, ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Faskari ta nan Jihar Katsina kuwa iyaka ɗaya take da Zamfara.

Hana haƙar ba zai yi magani ba, komawa ɓoye kawai za a yi. Roƙonmu shi ne hakimai da dagatai su ware filin niƙa a bayan gari, nesa da rijiya, a sa injin da ke niƙa da ruwa, da wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. Zaibar da ake kama zinare da ita, a daina ƙona ta a fili, a ƙona a rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu, tururin ya huce ya koma zaiba maimakon ya shiga huhu.

A sayo na'urar hannu mai auna dalma a ƙasa, a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Inda aka samu guba, a kankare saman ƙasar gidan kamar santimita 5, a binne ta nesa, a zuba sabuwa tukuna. In ba haka ba, yaron da aka sallama daga asibiti cikin gubar zai koma kwana.

Allah ya yi jagora.

Daga wasu masana ma'adinai da ma'aikatan lafiya, Katsina.